Yaƙi, Asibiti, Makaranta da Aljihu: Inda Bernie Sanders Ya Tsaya

A watan Yulin 2020, ana tsakiyar annobar korona, Sanata Bernie Sanders na jihar Vermont ya kawo wa Majalisar Dattawan Amurka gyara a dokar kuɗin tsaro. Kasafin soja na lokacin dala biliyan 740 ne. Ya ce a yanke kashi 10 cikin 100, wato biliyan 74, a zuba su a asibitoci da makarantu da gidaje da samar da aikin yi a yankunan da talauci ya yi wa katutu. Sanatoci 23 suka amince, 77 suka ƙi. Tun kafin a kaɗa ƙuri'a ya san haka za ta kaya. Buƙatarsa ita ce kowane sanata ya ce e ko a'a, a rubuta kusa da sunansa.

Wannan gyara da ya sha ƙasa ya tattara siyasar mutumin gaba ɗaya. 'Yan jarida kan kasa matsayinsa gida huɗu, a ce ga ra'ayinsa kan yaƙi, ga na lafiya, ga na ilimi, ga na tattalin arziki. Shi a wurinsa lissafin ɗaya ne: baitulmali guda ne, dalar da aka sayi jirgin yaƙi da ita ba za ta biya albashin malamin makaranta ba, harajin da aka yafe wa attajiri kuwa wani ne zai biya shi a bakin asibiti. Wanda ya gane haka zai iya faɗin inda Sanders zai tsaya a yawancin batutuwa tun bai buɗe baki ba. Wuraren da ya saɓa wa wannan lissafi nasa su suka fi koya mana wani abu a kansa.

An haife shi a 1941 a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi ƙaura daga Poland, yana sana'ar sayar da fenti, kuma 'yan Nazi sun hallaka da dama daga cikin dangin da ya baro a can. Yana ɗalibi a Jami'ar Chicago 'yan sanda suka kama shi a 1963, wajen zanga-zangar ƙin wariyar launin fata a makarantu. Ya koma Vermont, ya yi ta faɗuwa zaɓe a shekarun 1970, har a 1981 ya ci kujerar magajin garin Burlington da ratar ƙuri'a 10 kacal. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1991, ya haye ta Dattawa a 2007. Ba ɗan Dimokurat ba ne, ba ɗan Rifablikan ba, ɗan ba-ruwanmu ne da ke zama a ɓangaren Dimokurat, kuma a ƙarƙashin tutarsu ya nemi takarar shugaban ƙasa sau biyu: Hillary Clinton ta kayar da shi a 2016, Joe Biden a 2020.

Abin da ya sa za a iya bin sawun mutum irin wannan na shekara talatin da ɗoriya shi ne yadda majalisar Amurka ke adana ƙuri'a. A manyan batutuwa ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa na iya zuwa ya duba. Mu a Najeriya mun saba da ƙuri'ar murya, shugaban majalisa ya saurari ihu ya buga guduma. Ko dokar ta-ɓacin da aka sa wa jihar Ribas a Maris 2025, wadda tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku, da murya aka amince da ita. Shi ya sa da wuya ka iya cewa ga inda sanatanka ya tsaya a kan wani abu shekara goma da suka wuce, sai dai abin da ya ga dama ya gaya maka. Sanders ba shi da wannan mafaka, kuma magoya bayansa da masu sukarsa daga kundi ɗaya suke karantowa.

A fara da yaƙi, domin nan ne sunansa ya fi haske, nan ne kuma labarin ya fi sarƙaƙiya. Bai cika wata guda a majalisa ba, a Janairun 1991, ya ƙi amincewa a bai wa Shugaba George Bush babba izinin yaƙar Iraƙi kan mamaye Kuwait. A Oktoban 2002, da Bush ƙarami ya zo neman izinin mamaye Iraƙi bisa zargin makaman ƙare dangi, Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 296, ta ƙi da 133, Sanders yana cikin masu ƙi. Hillary Clinton da Joe Biden, suna Majalisar Dattawa a lokacin, duk sun amince. Makaman ba a same su ba, Iraƙi ta ɗaiɗaice, daga tokar wannan yaƙi kuma ƙungiyar IS ta tashi. Wannan ƙuri'a ita ce sandar da ya riƙa dukan abokan takararsa da ita a 2016 da 2020.

Sai dai kada a ɗauka mutum ne da ba ya goyon bayan yaƙi ko kaɗan. A 1999 ya goyi bayan ruwan bama-baman da ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi wa Sabiya kan Kosovo, har wani ma'aikacin ofishinsa ya ajiye aiki don fushi, masu zanga-zanga suka mamaye ofishinsa na Burlington. A Satumban 2001, kwana uku bayan harin da aka kai wa New York da Washington, ya amince da dokar da ta bai wa shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja a kan waɗanda suka kai harin da masu ba su mafaka. Ƙuri'a 420 ne da 1. Mace ɗaya, Barbara Lee ta jihar Kalifoniya, ita kaɗai ta ce a'a, ta sha zagi da barazanar kisa. Sai a muhawarar Disamban 2019 Sanders ya fito ya amsa cewa ita ce ta yi daidai, shi da sauran suka yi kuskure.

Wannan doka ta 2001 'yar gajera ce, amma ba ta da wa'adi, ba ta kuma ambaci ƙasa ba. Da ita shugabanni huɗu suka kafa hujjar kai farmaki a Afganistan da Yaman da Somaliya da Libiya da Siriya. A nan ne maganar ta zo kusa da mu. Ranar 4 ga Oktoban 2017 aka yi wa wata tawaga kwanton ɓauna a Tongo Tongo, yammacin Nijar, aka kashe sojojin Amurka 4 tare da sojojin Nijar. Sanata Lindsey Graham, wanda a wancan lokacin yake cikin kwamitin harkokin soja, ya fito talabijin ya ce bai san ƙasarsa na da sojoji masu yawa haka a Nijar ba, alhali kusan 800 ne a lokacin, ga kuma sansanin jirage marasa matuƙi da ake ginawa a Agadas. Majalisar da tsarin mulki ya ce ita ce mai ikon shelanta yaƙi, ta wayi gari ba ta san inda sojojinta suke ba.

Gyaran wannan ɓaraka shi ne, a ganina, aikin da ya fi kowanne nauyi a tarihin Sanders. Tun 1973, bayan Biyetnam, akwai dokar da ta bai wa majalisa damar tilasta wa shugaban ƙasa janye sojoji daga yaƙin da ba ta amince da shi ba, amma ta zauna kamar ba ta nan. Sanders ya haɗa kai da Mike Lee, ɗan Rifablikan mai ra'ayin riƙau daga Utah wanda kusan ba su taɓa yarda a kan komai ba, da Chris Murphy na Connecticut, suka ɗauko ta domin tsayar da taimakon da Amurka ke bai wa Saudiyya a yaƙin Yaman. Farkon yunƙurinsu ya ci tura. Kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul a Oktoban 2018 ya juya ra'ayin sanatoci, a Disamba suka yi nasara da ƙuri'a 56 da 41, a Maris 2019 suka maimaita da 54 da 46, Majalisar Wakilai ta bi sahu. Donald Trump ya hau kujerar naƙi. Ƙudurin bai zama doka ba, amma karo na farko ke nan da zaurukan biyu suka yi amfani da dokar 1973 suka aika wa shugaban ƙasa irin wannan saƙo. Mai karatu a Arewa zai tuna makamancin haka: a Agustan 2023, da ake kaɗa gangar tura sojojin ECOWAS Nijar, Majalisar Dattawan Najeriya, sanatocin Arewa na gaba, ita ta ce a bi hanyar sulhu.

Akwai wurare biyu da suka rage wa wannan tarihi ƙyalli. A Disamban 2022 Sanders ya sake kawo ƙudurin Yaman, fadar Biden ta nuna ba ta so, ya janye shi ba a kaɗa ƙuri'a ba. Abin da ya yi wa shugaban abokan hamayya bai yi wa na ɓangarensa ba. Na biyu, jirgin yaƙi samfurin F-35, wanda ya sha kira misalin almubazzarancin ma'aikatar tsaro: da aka zo zaɓen inda za a girke shi, Sanders ya goyi bayan a kawo shi filin jirgin Burlington, duk da ƙorafin mazauna wurin kan ƙara. Hujjarsa ita ce tunda an riga an ƙera jirgin, gara ayyukan yin su zo jiharsa. Hujjar da kowane sanata ke bayarwa ke nan, kuma ita ce dalilin da ya sa kasafin soja ba ya raguwa. Kamfanonin makamai sun warwatsa masana'antunsu a jihohi da gangan, yadda duk wanda ya ce a rage, mutanen mazaɓarsa ne za su fara rasa aiki.

A kan Gaza ya yi jinkiri, sannan ya wuce kowa. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 ya yi watanni yana ƙin kiran a tsagaita wuta dindindin, matasan da suka yi masa yaƙin neman zaɓe suka yi ta Allah wadai da shi. Daga Janairun 2024 ya sauya taku: ya nemi majalisa ta tilasta wa ma'aikatar harkokin waje ba da rahoto kan yadda Isra'ila ke amfani da makaman Amurka, ya samu ƙuri'a 11. A Afrilu ya ƙi amincewa da tallafin dala biliyan 95 da ya haɗa Ukraine da Isra'ila da Taiwan, duk da yana goyon bayan Ukraine, saboda kason Isra'ila. A Nuwamba ya kawo ƙudurorin hana sayar mata da wasu makamai, ƙuri'un ba su kai 20 ba. A Yulin 2025 ya sake, ɗaya daga ciki ya samu 27, fiye da rabin ɓangaren Dimokurat. A Satumban shekarar ya kira abin da ke faruwa a Gaza kisan ƙare dangi. Ba ƙaramin abu ba ne wannan kalma ta fito daga bakin Bayahuden da ya taɓa zama a gonar haɗin gwiwa a Isra'ila yana saurayi. Amma 11 zuwa 27 ci gaba ne a takarda, makaman dai an ci gaba da aika su.

Kiwon lafiya shi ne tutarsa. Sai an fahimci tsarin Amurka kafin a gane abin da yake faɗa da shi. Babu inshora guda ta ƙasa. Mutum sama da miliyan 150 suna samun inshora ne ta wurin aikinsu, don haka wanda aka sallama ya rasa albashi da likita rana ɗaya. Gwamnati na ɗaukar nauyin masu shekara 65 zuwa sama ta shirin Medicare da aka kafa a 1965, tana taimaka wa matalauta ta Medicaid, tsofaffin sojoji suna da asibitocinsu. Wanda bai faɗa ko ɗaya ba sai ya saya da kansa ko ya zauna haka. A 2023 ƙasar ta kashe kimanin dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, sama da kashi 17 cikin 100 na duk arzikin da ta samar, kusan dala 14,500 a kan kowane mutum. Babu ƙasar da ta kama ƙafarta a kashe kuɗi. Amma a shekarar mutum kusan miliyan 26 ba su da inshora, kuma ɗan Kanada ko Faransa ko Japan ya fi Ba'amurke tsawon rai a matsakaici.

Maganin da Sanders ya kawo shi ne a faɗaɗa Medicare ta game kowa. Likitoci da asibitoci su ci gaba da zaman kansu, amma mai biya ya zama ɗaya, gwamnati, kamar yadda ake yi a Kanada. Babu kuɗin inshora na wata-wata, babu biya a bakin asibiti, har haƙori da ido da ji a ciki. Da ya gabatar da ƙudurin a 2017 sanatoci 16 suka sa hannu, abin da shekaru kaɗan kafin nan ko mutum ɗaya bai samu ba. Hujjarsa ita ce kuɗin ana riga ana biyansu, sai dai wani kaso mai tsoka na tafiya ne wajen ribar kamfanonin inshora da ma'aikatan da aikinsu cika takardun neman biya da ƙin biya.

Inda ya fi ƙwarewa shi ne nuna abu a fili. A 1999 ya cika mota da mata masu fama da sankarar mama ya haye da su Kanada, suka sayi maganin tamoxifen a kusan kashi ɗaya cikin goma na farashinsa a gida. A 2019 ya maimaita da masu ciwon suga, kan insulin. Yana shugaban kwamitin lafiya a 2024 ya zaunar da shugaban kamfanin Novo Nordisk ya tambaye shi dalilin da maganin Ozempic na wata guda yake dala 969 a Amurka, 59 a Jamus. Wannan matsin lamba na shekaru yana cikin abin da ya sa dokar 2022 ta tsayar da insulin a dala 35 a wata ga masu Medicare, ta kuma bai wa gwamnati, karo na farko, ikon yin ciniki da kamfanoni kan farashin wasu magunguna. A dokar lafiya ta Obama ta 2010, wadda yake ganin ba ta isa ba amma ya zaɓa, shi ya ciwo dala biliyan 11 domin ƙananan asibitocin unguwa. A 2014 kuma shi da marigayi Sanata John McCain suka daidaita kan dokar gyaran asibitocin tsofaffin sojoji ta kimanin biliyan 16. Masu cewa sai ihu ya iya ba sa ambaton waɗannan.

Rauninsa yana wajen biya. Wani nazari na cibiyar Mercatus a 2018 ya ƙiyasta shirin zai ƙara wa gwamnatin tarayya nauyin dala tiriliyan 32.6 cikin shekara goma. Sanders ya yi murna da nazarin, domin a cikinsa an nuna jimillar abin da ƙasa ke kashewa za ta ɗan ragu. Gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai an biya asibitoci da likitoci da farashin Medicare, wanda ya gaza abin da inshorar kasuwa ke biyansu nesa ba kusa ba. Asibitin ƙauye da yake numfashi da ƙyar zai jure wannan? Sanders ya amince a 2019 cewa harajin masu matsakaicin ƙarfi zai ƙaru, ya ce abin da za su daina biyan kamfanoni ya fi shi. Lissafin na iya zama daidai ga gidaje da yawa, sai dai mutum ya fi jin zafin harajin da ya gani a takardar albashi a kan kuɗin da mai gidan aikinsa ke cirewa bai sani ba. Ko ƙungiyar ma'aikatan otal-otal ta Las Vegas, mutanen da ya kamata a ce nasa ne, ta soki shirin a 2020 don tsoron rasa inshorar da ta yi yajin aiki ta samu. Sannan ga darasi daga gidansa. Vermont ta yi dokar irin wannan tsari a 2011, amma a Disamban 2014 Gwamna Peter Shumlin, wanda da shi ya ci zaɓe, ya jingine shi da ya ga sai an sa harajin kashi 11.5 a kan albashin da kamfanoni ke biya, ban da na ɗaiɗaikun mutane. Ƙaramar jiha ba ƙasa ba ce, ba ta da ƙarfin yin ciniki da kamfanonin magani, amma duk mai kare shirin sai ya amsa wannan tambaya.

Maganar ilimi ta fi gajarta, ta kuma fi rauni. A 2015 ya kawo ƙudurin soke kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati, tarayya ta biya kashi biyu cikin uku, jihohi su cika, a samo kuɗin daga ɗan haraji a kan cinikin hannun jari a Wall Street. A 2019 ya ƙara da cewa a yafe bashin karatu gaba ɗaya, dala tiriliyan 1.6 da ke wuyan mutum sama da miliyan 40. Soke kuɗin makaranta ba mafarki ba ne: Jamus ta kammala yin haka a 2014, kwalejin Brooklyn da shi kansa ya fara shiga ba ta karɓar kuɗin karatu a zamaninsa, kuma jihar New York ta fara nata shirin a 2017, yana tsaye gefen gwamna ranar sanarwa. Yafe bashi ga kowa ne ban gamsu da shi ba. Fiye da rabin Amurkawa baligai ba su da digiri, kuma manyan basussuka suna kan lauyoyi da likitocin da za su fi direban babbar mota samun kuɗi. Amsar Sanders ita ce shirin da ya game kowa shi ke ɗorewa, wanda aka ware wa talaka kaɗai shi ake fara yankewa. Wannan ta zauna a kan asibiti da makaranta, ba ta zauna sosai a kan bashin da wasu suka ci wasu ba su ci ba. Ko ɗan abin da Biden ya yi yunƙurin yafewa, kimanin biliyan 400, Kotun Ƙoli ta soke shi a Yunin 2023. Najeriya da ta buɗe asusun lamunin ɗalibai a 2024 tana da abin dubawa a nan, ko da yake nata babu ruwa a kai.

Babbar cutar ilimin Amurka ma tana ƙasa da jami'a. Makarantun firamare da sakandare sun dogara sosai da harajin gidajen unguwa, don haka unguwar masu kuɗi ita ke da makaranta mai kyau. Sanders na da shawarwari a kai, har da mafi ƙarancin albashin dala 60,000 a shekara ga malami, amma bai taɓa yi musu irin gangamin da ya yi wa jami'a ba. Ɗaliban jami'a suna zuwa taron siyasa, 'yan firamare ba sa zuwa.

A tattalin arziki yana kiran kansa mai ra'ayin gurguzu na dimokuraɗiyya, abin da a Amurka kan kashe ɗan siyasa. Ya sha bayyana cewa ba ya neman gwamnati ta ƙwace shaguna da masana'antu, ƙasashen arewacin Turai ne abin koyinsa. Firayim Ministan Denmak na lokacin, Lars Løkke Rasmussen, ya mayar da martani a 2015 cewa ƙasarsa tattalin arzikin kasuwa take bi. Abin da Sanders bai cika faɗa ba shi ne a Denmak kowa ke biya, harajin kayan masarufi kaɗai kashi 25 ne cikin 100. Shi ya fi son a ji cewa attajirai ne za su ɗauki kayan.

Amma a nan kundin ƙuri'unsa ya fi tsabta. Ya ƙi yarjejeniyar ciniki da Kanada da Meziko a 1993, ya ƙi daidaita ciniki da Sin na dindindin a 2000, yana cewa masana'antu za su gudu. Ya ƙi sassauta dokokin bankuna a 1999, ya ƙi ceto su da dala biliyan 700 da suka durƙushe a 2008. A Disamban 2010 ya tsaya a zauren majalisa awa takwas da rabi yana magana kan tsawaita rangwamen harajin masu kuɗi da Obama ya amince da shi, jawabin da ya fito da shi idon ƙasa. Garuruwan masana'antu da suka mutu a Michigan da Ohio da Pennsylvania sun gaskata wani ɓangare na gargaɗinsa, sai dai Trump ne ya girbe fushin mutanensu. Shi ya sa washegarin zaɓen 2024 ya ce ba abin mamaki ba ne ma'aikata su juya wa jam'iyyar Dimokurat baya, tunda ita ta juya musu baya.

Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009. Da Sanders ya nemi a kai shi 15 a Maris 2021, ya samu ƙuri'a 42, takwas daga ɓangarensa suka bi abokan hamayya. Ofishin kasafin majalisa ya ƙiyasta a lokacin cewa ƙarin zai fitar da mutum 900,000 daga talauci, ya kuma jawo asarar ayyuka miliyan 1.4, don haka kowane ɓangare ya samu abin riƙewa. Abin da ya gagara a majalisa ya samu a waje: jihohi kusan 30 sun ɗaga nasu, kamfanin Amazon kuma ya koma dala 15 a 2018, makonni kaɗan bayan Sanders ya kawo ƙudurin da ya laƙaba wa sunan mai kamfanin, Jeff Bezos. Yana shugaban kwamitin kasafi a 2021 ya fara da shirin tiriliyan 6, aka rage zuwa 3.5, aka sake ragewa, sannan Sanata Joe Manchin shi kaɗai ya binne shi a Disamba. A majalisar da yawancin dokoki sai da ƙuri'a 60, sanatan da ke tsakiya ya fi wanda ke gefe iko, komai yawan jama'ar da ke taruwa su saurare shi.

Sanders yana ɗora alhakin wannan a kan kuɗi, musamman hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 da ya buɗe wa kamfanoni da attajirai ƙofar kashe abin da suka ga dama a zaɓe. Shi da ƙananan gudummawa ya yi takara, matsakaicinsu dala 27 a 2016. Akwai gaskiya a zargin, amma bai bayyana komai ba. Wani ma'aikacin yana ƙin shirinsa ne don bai yarda gwamnati za ta iya riƙe masa lafiya ba, ba don wani ya saye shi ba, kuma Sanders ba ya son zama da wannan magana. Masu suka kan tuna masa cewa littattafansa sun mayar da shi miloniya mai gida uku. Wannan ba ta dame ni ba, tunda harajin da yake nema zai hau kansa.

An sake zaɓensa a 2024, wa'adin zai ƙare a farkon 2031 yana da shekara 89. A 2025 ya zagaya ƙasar da 'yar Majalisar Wakilai Alexandria Ocasio-Cortez suna gangamin adawa da mulkin attajirai, har cikin jihohin da Trump ya ci. A Nuwamban shekarar Zohran Mamdani, Musulmi haifaffen Kampala wanda Sanders ya mara wa baya, ya ci zaɓen magajin garin New York da alƙawarin motocin bas kyauta da renon yara kyauta da daskarar da kuɗin hayar wasu gidaje. Rabon Sanders da riƙe kasafin da doka ta ce dole shiga da fita su daidaita tun 1989, da ya bar ofishin magajin garin Burlington mai mutum kusan dubu 40. Na Mamdani kuwa na birni ne mai mutum sama da miliyan 8, kuma yawancin harajin da yake son ƙarawa sai majalisar jiha da gwamna sun sa hannu.